Ranar da Babur Ya Mutu Mana a Hanyar Gumel

Lokacin da nake koyarwa a firamare a Ɗanzomo ina da wani babur ɗan Ingila, baƙi, mai nauyin tsiya, wanda na saya hannun wani malamin gona da ya yi ritaya. Duk inda na ajiye shi sai ya ɗiga baƙin mai a ƙasa. Babu bakanike a kusa sai Gumel, don haka ni nake wanke fulogi da fetur, in ɗaure notinan da jijjiga ta kwance, in ja sarƙa in ta saki. Ban taɓa buɗe kafireta ba, wadda ke ba injin mai, tsoronta nake ji.

Wata damina ana noman firi, wato noman farko, kububuwa ta sari mahaifina a ɗan yatsan ƙafa a gona. Da aka kawo shi gida ƙafar ta fara kumburi. Aka ɗora shi bayana a kan babur, aka ɗaure mu tare da rawaninsa, na ɗauki hanyar asibitin Gumel. Hanyar rairayi ce zalla, babur yana ta wutsil-wutsil, ina jin numfashin Baba a wuyana.

Mun yi nisa da gari, babu gida ko ɗaya a kusa, sai injin ya fara tari. Na murɗa mai, ya ƙara shaƙewa, ya mutu.

Na kwance rawanin, na kwantar da Baba gindin wata aduwa. A nan na ga jini yana tsattsafowa daga dasashinsa. Na san abin da mutane ke cewa idan wanda kububuwa ta sara ya fara haka.

Akwai fetur a tanki, fulogi kuma yana ba da wuta. Ba abin da ya rage sai abin da nake gudu. Na ciro sifana da sukudireba. Na buɗe gindin kafiretar, na tarar da laka da tsatsa. Na kwance 'yar ƙusar tagulla mai huji, wadda mai yake bi ta cikinta, na ɗaga ta sama, ban ga haske ba. Ina kai ta baki zan busa, ta suɓuce ta faɗa cikin rairayi.

Na durƙusa ina tono kamar mahaukaci. Baba ya kira ni da wata murya da ban san shi da ita ba.

"Bar wannan ƙarfen, zo ka ji. Gonar fadama ta ƙannenka mata ce, kada ka bari..."

"Baba, don Allah ka yi shiru."

Ban taɓa katse masa magana ba sai ranar.

Wata dattijuwar Bafulatana ce ta same mu a haka, ta fito daga ruga da ƙwaryar nono a ka. Ta dubi ƙafar Baba, ta dube ni, ta sauke ƙwaryar.

"Ɗan nan, me ya ɓata?"

Na kwatanta mata 'yar ƙusar da ƙwayar gero biyu a haɗe. Ta ce in ɗauke hannuna, ina ƙara binne ta ne. Ta shimfiɗa mayafinta, ta riƙa ɗibar rairayin a tafi tana zubawa a hankali tana bazawa da yatsa. Ni kuwa ina tsaye ina kallon ƙirjin Baba, in ya ɗaga in ji sanyi, in ya daɗe bai ɗaga ba in ji kamar zan faɗi. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba.

"Ko wannan ce?"

Ita ce. Na tsokane hujin da ƙayar aduwa, na busa, fetur ya cika mini baki. Na mayar da komai ina addu'ar kada in juya wani abu. Dukan farko kik ɗin tayar da injin ya dawo ya maka mini a idon sawu. Ban tsaya dubawa ba, na sake hawa da dukan nauyina. Injin ya yi gurnani, ya kama.

Matar ta taya ni ɗora Baba, ita ta ƙulle rawanin, ta ƙulle shi tam har ina jin zafi a haƙarƙari. Ban ma yi mata godiyar kirki ba.

Duk sauran hanyar ina kiran Baba, yana amsawa da "uhm". Da muka hango gidajen Gumel ya daina amsawa. Na shiga asibitin ina ihu, ma'aikata suka yanke rawanin da almakashi don ƙullin ya ƙi kwantuwa. Ashe suma Baba ya yi. Aka yi masa allurai, aka ƙara masa jinina da na ƙaninsa da ya biyo mu a kan doki.

Ya tashi, amma ɗan yatsan ƙafar da kububuwar ta sara bai tsira ba, ya ƙarasa rayuwarsa yana ɗingishi. Na sha tsayawa a wannan hanyar ina tambayar rugar matar. Aka ce mini sun tashi bayan kaka, sun tsallaka wajen Damagaram da shanunsu.