Ranar da Motar Ta Zabura da Maigidan

Ni ba na saurin yafe ƙage, kuma wanda aka yi mini a kan tuƙi ya daɗe yana ci mini rai.

Motar ta hannu ce, irin waɗanda ake shigowa da su daga waje. Mun saye ta ne don in huta da jiran tasi daga Lugbe zuwa ma'aikata. Maigidana mutum ne mai tattalin kaya, har yau rimot ɗin talabijin ɗinmu yana cikin ledarsa. Ranar da motar ta iso ya yanko ragowar kafet ɗin falo, ya shimfiɗa a kan tabarmar robar da dillali ya ba mu, ita kuma robar tana kan shimfiɗar da motar ta zo da ita. Wai kada jar ƙasar Lugbe ta ɓata ciki.

Wata safiya ina fitowa daga gidan mai na ba motar wuta don in hau titi. Na ɗage ƙafa, ta ƙi ragewa. Ta yi gurnani ta zabura, sai da na daki tulin yashin masu bulo sannan ta tsaya. Ban ji ciwo ba, bamba ce ta tafi. Kafin in fito masu okada sun gama yanke hukunci.

"Madam ya taka totur, ya ɗauka birki ne."

Bakanike ya duba inji bai ga komai ba. Maigida bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, "Ba komai, Hajiya, kowa yana ruɗewa." Daga ranar shi ke kai ni aiki. Ƙannensa mata suka riƙa yi mini jaje suna danne dariya. Ni da na iya mota tun ina jami'a, na koma fasinja a motata. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Ana nan sai na ji a rediyo cewa a can ƙasashen waje kamfani yana kiran irin motocin nan a mayar masa, saboda totur yana maƙalewa. To mu wa zai kira? Kamfani bai ma san motarsa ta zo Lugbe ba. Mai bayanin ya ce idan abin ya faru a danne birki kada a saki, a mayar da giya firi. Na kai wa maigida labari da zafinsa. Ya yi murmushi ya ce, "Duk wanda ya daki yashi sai ya ce kamfani ne." Na haɗiye. Amma kullum ina zaune a gefensa idona yana kan giyar nan, ina maimaita abin a raina.

Ran wata Asabar muka nufi Jabi sunan ɗan ƙanwarsa. A kan titin filin jirgi ya taka wuta zai wuce wata tifa. Ya wuce ta, motar ta ci gaba da ƙara gudu. A gabanmu bas ta tsaya tana sauke mutane.

"Hajiya," ya ce, muryarsa ta sirance, "ba ta raguwa."

Tsoro ya kama ni har cikin ƙashi, amma hannuna ya riga ya san hanya. Na tura giyar firi.

"Baban yara, danne birki. Kada ka ɗaga ƙafa. Riƙe sitiyari, bi dama."

Inji yana ta kururuwa, motar kuwa ta fara ladabi. Muka gangara gefen titi muka tsaya gaban rumfar wani mai faci, na miƙa hannu na kashe ta. Na zagaya na buɗe ƙofarsa na sunkuya. Ga bakin kafet ɗin falonmu ya zame ya hau kan totur, ya danne shi ƙasa. Ban taɓa ba. Na gaji da gaskiyar da ba ta da shaida, don haka na kira mai facin da masu jiran mota na ce kowa ya leƙa.

Mai facin ya leƙa, ya girgiza kai, ya juya wajen maigida wanda ya fito ya zauna a bakin kwalbati, hula a hannu.

"Oga, ka iya mota fa. In wani ne, da ya shiga bas ɗin nan."

Na zuba wa maigida ido. Zai iya karɓar yabon, babu mai tuhumarsa.

"Ba ni ba ne," ya ce. "Madam ce ta tsayar da ita. Ni salati kawai nake yi."

Shi da kansa ya fizge kafet ɗin da robar ya bar wa mai faci. Ni na ƙarasa da mu Jabi, a hankali, raina fes. Da muka shiga gidan suna bai wuce wajen maza ba. Ya tsaya a ƙofar falon mata, ya kira ƙannensa ɗaya bayan ɗaya, ya ba su labarin tun daga tulin yashi. Ya ce tun farko gaskiya na faɗa, shi ne bai saurara ba. Babbar cikinsu ta kasa haɗa ido da ni, ta tashi da kanta ta zubo mini waina da miyar taushe. Na cinye tas, na ce ta ƙaro.