Man Inna Asabe da Gilashin Gwamnati

Abubuwa da yawa na aikin nan sun kwanta mini, har sunayen wasu da muka yi zaman ofis ɗaya sai na yi ta lalube. Amma ban taɓa mantawa da safiyar da na tsaya gaban Bature ba, wai don sanyi ya ƙi shiga akwatina. Ku da kuka zo kuka tarar na'ura tana yi muku komai, ku gyara zama ku ji.

A tsakiyar shekarun 1950 ne, kafin a sami mulkin kai. An ɗauke ni ƙaramin mai duba yanayi a wata 'yar tasha da ke bayan gari, arewa da Kaduna, idan ka wuce Kawo ka nufi hanyar Rigachikun. Ina kan gwaji na shekara ɗaya, wato ba a tabbatar da ni ba tukuna, kuskure ɗaya babba ya isa a ce in kama gabana. Saura mini wata biyu in cika. Mahaifina ya riga ya gaya wa duk Kawo cewa ɗansa Isiyaku ma'aikacin gwamnati ne, har masu sayar da itace sun sani.

Aikin ba wuya, sai dai ba ya son wasa. A tsakiyar fili akwai wani farin akwatin katako bisa dogayen ƙafafu huɗu, jikinsa duk tsaga-tsaga don iska ta ratsa amma rana kada ta shiga. A ciki ake rataye gilasan auna zafi da sanyi. Ɗaya daga cikinsu a kwance yake, da wani ɗan tsinke a cikinsa. Duk yadda sanyi ya ƙaru, ruwan gilashin yana jan tsinken baya, idan gari ya yi ɗumi sai ruwan ya koma ya bar tsinken a inda ya tsaya. Saboda haka ko kana ƙudundune a bargo lokacin da sanyi ya fi tsanani, tsinken ya riƙe maka shaida. Ƙarfe takwas na safe nake buɗe akwatin in karanta, in rubuta a rajista, a buga waya zuwa babban ofis a Ikko. Tasharmu ƙarama ce, da magariba muke rufewa, sai mai gadi kaɗai.

Shugabana na kusa shi ne Malam Yohanna, mutumin kudancin lardi, mai haƙuri da son raha. A samansa akwai Baturen da muke kira Mai Lofe, don ba ka ganin bakinsa babu lofen taba. Mai gadinmu kuwa Baba Audu, dattijo daga Rigachikun, yana da 'yar bukkar zana a gefen fili.

A bakin ƙofar tashar, ƙarƙashin wata bishiyar maɗaci, Inna Asabe take suyar ƙosai, tana tahowa da kaskonta daga Rafin Guza tun da sassafe. Nan muke da majalisa, kuma majalisar ba ta da wata hira sai ta sama. Wasu suna taruwa don siyasa, wasu don dambe, mu kuwa sanyi da hadari ne abin musunmu. Kowa da ma'auninsa. Baba Audu gwiwarsa ta hagu ce, in ta fara sara ya ce gobe akwai jaura. Inna kuwa kwalbar man gyaɗarta ce, tana duba yadda man ya yi barci. Malam Yohanna an taɓa tura shi kwas Ingila, saboda haka shi ne mai labarin dusar ƙanƙara, kuma kullum sai an sa shi ya maimaita.

"Wai da gaske daga sama take zubowa, Malam?" in ji Inna.

"Kamar ana sheƙar auduga, Inna. Ka kwanta gari lafiya lau, ka tashi ka ga ƙofa ta ƙi buɗuwa. Ni da na fita ranar farko, kunnuwana na nema na rasa, sai da na shafa na ji suna nan."

"To su mutanen me ya zaunar da su?" in ji Baba Audu. "Ba su da dangi a wani gari ne?"

Haka muke yi kullum, ana dariya ana shan koko. Ni kuwa a lokacin kaina yana hayaƙi. Na yi makaranta, ina da gilashi, ina ganin ni kaɗai ke da ta cewa.

Da hunturun shekarar ya kankama, sai kowa ya fara cewa ya daɗe bai ga irinsa ba. Mutane suna fitowa da bargo har hantsi, alwala ta zama jihadi. Ni kaina sai na sa safa a hannu kafin in iya riƙe kan keke. Amma in na buɗe akwati, tsinke sai ya ce mini ba komai, sanyi ne na yau da kullum, har ma bai kai na bara ba. Sai in fito majalisa ina taƙama.

Wata safiya Inna ta ɗaga kwalbarta ta kifa ta, man ko motsi bai yi ba. Ta ce, "Malam Isiyaku, shekarata nawa ina suya, ban taɓa ganin man nan ya yi barci har gindin kwalba kwana bakwai a jere ba. Sai na kanga shi a wuta kafin ya zubo."

Na ce, "Inna, tsufa ne ya kama ku, ku da man duka. Gilashi ba ya ƙarya. Bana ba a yi sanyi ba."

"Gwiwata ta ce an yi," in ji Baba Audu.

"Gwiwarka ba ta je makaranta ba, Baba."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Yau in na tuna maganar nan kunya nake ji.

Bayan kamar kwana goma sai ga takarda daga Ikko. Mai Lofe ya kira ni ofis, Malam Yohanna yana tsaye a gefe. Ya ce duk tashoshin da ke kewaye da mu sun nuna sanyi mai tsanani, tamu kaɗai ce take cewa ana shan ɗumi. Sun gwada gilashin da wani sabo a ofis, lafiyarsa ƙalau. To in gilashi lafiya yake, saura mai karanta shi. Ya ce ya sha hango ni a gindin maɗaci ina surutu, yana zargin daga can nake ƙirƙiro lamba in zo in rubuta. A aikinmu ba laifin da ya kai wannan. Ya ba ni kwana uku in kawo bayani, in ba haka ba zai rubuta cewa ban cancanci a tabbatar da ni ba.

Na fito daga ofis. Wallahi ban taɓa rubuta abin da ban gani ba, amma wa zai yarda? Abin da ya fi damuna shi ne fuskar mahaifina. Malam Yohanna ya biyo ni waje ya ce, "Isiyaku, ni na yarda da kai. Amma ka bar kallon gilashin, ka kalli akwatin."

Na je na buɗe na duba ko'ina. Tsaf yake, har ya fi kullum tsabta, kamar ana share shi. Ina shirin rufewa sai na ga ƙwayar gero ɗaya a maƙale cikin tsagar katako, kusa da ita kuma wani ɗan gashi mai laushi, rawaya. Na daɗe ina jujjuya su a tafin hannuna.

Washegari daga masallacin asuba ban koma gida ba, na hau keke na miƙe tasha. Gari ya fara haske, rana ba ta fito ba, hancina har zafi yake don sanyi. Na jingine keken nesa na taka a hankali. Tun kafin in isa na ji akwatin gwamnati yana kuka. Na kwance wayar da ke ɗaure da ƙofar na buɗe, sai ga wata jar kaza ta cika wurin, tana kwance cikin faifai a kan tsumma, ta zuba mini ido ɗaya kamar ni ne baƙo. 'Yan tsaki suna leƙowa ta ƙarƙashin fikafikanta. Ɗumin da ya bugi fuskata kamar na buɗe ɗakin mai jego.

Baba Audu ya taho da bargonsa yana ɗingishi, ko a jikinsa. Ya ce, "A'a, Malam, yau sammako aka yi? Rufe mata, kada iska ta shige su. Sai rana ta fito nake fitar da su."

Na ce, "Baba, tun yaushe?"

"Tun da ta ƙyanƙyashe. Goma sha ɗaya ne, sanyi ya kashe biyu a bukkata, muzuru ya ɗauke ɗaya. Sai na ga ga ɗaki nan a sama, muzuru ba ya hawa, ga iska tana shiga daidai. Amma ka kwantar da hankalinka, agogunan nan ko da yatsa ban taɓa su ba. Kuma kullum sai na share."

Agoguna. Shekararsa shida yana gadin akwatin nan, ba wanda ya taɓa gaya masa abin da ke ciki. An dai ce masa kayan gwamnati ne, kada a sace. Na zauna a ƙasa na yi masa bayani, cewa sanyin da yake ɓoye wa 'yan tsakinsa shi ne abin da aka ajiye gilashin ya ji. Na ga fuskar dattijon nan ta canza. Ya ce, "Ashe ni na jawo maka. To mu je in faɗa da bakina, in korar ce a kore ni."

Nan fa na shiga tsaka mai wuya. In na yi shiru, aikina ya tafi. In na faɗa, tsoho mai iyali zai rasa nasa. Kuma akwai abin da ni kaɗai na sani: doka ta ce akwatin ya kwana da kwaɗo. Kwaɗon ya yi tsatsa tun damina ya ƙi rufuwa, na ɗaure ƙofar da waya, na ce gobe zan kai rahoto, goben ba ta zo ba. Da na yi aikina, da kaza ba ta shiga ba. Na gaya wa Malam Yohanna duka, ya ce, "To ka faɗa masa duka, kuma ka fara da naka."

Ƙarfe tara muka shiga ofishin Mai Lofe mu uku, ni da Baba da Malam Yohanna. Na ce, "Ranka ya daɗe, lambobin da na rubuta abin da na gani ne, amma ba daidai ba ne, kuma laifina ne." Na ajiye mataccen kwaɗon a kan teburinsa, sannan na kawo zancen kaza. Na ƙara da cewa Baba bai san aikin akwatin ba don ba mu taɓa gaya masa ba.

Mai Lofe ya ɗauki kwaɗon ya jujjuya shi. Ya dubi Baba ya tambaye shi da Hausa, "Kwana nawa?"

"Goma sha shida, ranka ya daɗe."

"'Yan tsakin nawa suka rage?"

"Takwas, ranka ya daɗe. Tun da suka shiga ko ɗaya bai mutu ba."

Sai na ga kafaɗun Bature suna rawa. Ya yi ta dannewa, abin ya fi ƙarfinsa, ya fashe da dariya har lofen ya faɗi a kan takardar Ikko. Da ya share hawaye ya ce a ƙasarsu dusar ƙanƙara ta taɓa binne masa akwati har rufi, amma kaza kam sai a Kaduna.

Dariya ba ta hana hukunci ba. Saboda kwaɗon ya ƙara mini wata uku a kan gwajina, kuma na ji zafin abin ƙwarai. Ya sa na ɗauki jar tawada na soke layi goma sha shida a rajista, kowane layi in rubuta dalili a gefensa da hannuna. Ya kuma ce in tara duk wanda ke aiki a tashar, har mai yankan ciyawa, in nuna musu kowane gilashi da amfaninsa. Baba kuwa ba a kore shi ba. Akwai wani tsohon akwati irin wannan da aka daina amfani da shi a sito, Bature ya ce a ba shi, a kafa can bayan bukkarsa.

Washegari akwatin ya kwana da sabon kwaɗo, ba kowa a ciki. Da na buɗe ƙarfe takwas, tsinke ya ja baya har inda ban taɓa ganin ya kai ba. Na rubuta, na fito majalisa ina jan ƙafa, don labari ya riga ni isa. Inna ta ɗaga kwalbar ta kifa ta a gabana, ta riƙe ta haka.

"Malam Isiyaku, yau me gilashi ya ce?"

"Abin da manki ya ce, Inna. Ki yafe mini."

"A'a, mu da ba mu je makaranta ba," in ji ta, ta tura mini ƙosai mai zafi.

Ranar da takardar tabbatar da ni ta iso, damina ta riga ta sauka. Baba Audu ya yanka zakara ɗaya daga cikin takwas ɗin nan, Inna ta soya, muka ci a gindin maɗaci, ni aka ba cinya.

Na yi shekara talatin da wani abu a aikin nan bayan haka, na koyar da mutane da yawa. Duk tashar da aka kai ni, kafin in buɗe rajista sai na kira mai gadi na buɗe masa akwati na nuna masa abin da yake gadi. Gilashi kuwa har yau ina cewa ba ya ƙarya, abin da ke kusa da shi yake faɗa. Amma in ka ga gari duka yana rawar ɗari kai kaɗai lambarka tana cewa ana ɗumi, kada ka tsaya yi wa tsofaffi dariya. Tashi ka yi sammako ka je ka ga wa ya kwana a akwatinka.