Wace Wawiya Za Ta Wanke Shaida

Ni na wanke rigar ɗana Sani. Da hannuna, da sabulu da ruwan zafi, ranar da aka tsinci gawarsa a gefen titin Lambata, babu keken da yake haya da shi. Gidanmu na Kwamba ya cika maƙil, amma ba wanda ya ce, "Asabe, kada ki wanke." Cewa suka yi a bar wa Allah. Kafin la'asar an binne shi.

Shekara uku ke nan. Kwanan baya 'yata ta sa mini wani littafin Turanci a waya, irin wanda ake karanto wa mutum. Ni da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a kaina, sai na maimaita wuri ɗaya sau huɗu kafin in gane. Yadda ake gano mai kisa yake bayani. Wai ƙasar ƙarƙashin farce tana magana, jinin jikin riga ma haka.

Sai na tuna kakarmu Ladi, a ƙauyenmu bayan Sabon Wuse. In an ci tuwo takan tura itace cikin murhu da ƙafa, ta ce, "Mai gyangyaɗi ya tashi tun yanzu, ba na yi wa gawa tatsuniya." Ta fi son ta matar da aka kashe a hanyar kasuwa aka turbuɗe. Duma ya tsiro a wurin, aka fafe ƙwarya. Kowa ya sha ruwa da ita, shiru. Ranar da makashin ya kai ta baki, ta rangaɗa sunansa a gaban jama'a.

Na ce, "Kaka, da an wanke ƙwaryar fa?"

Ta ce, "Ke dai da baƙar tambaya! Wace wawiya za ta wanke mai ba da shaida?"

Ni na fi kowa dariya.

Na girma ina zaton gaskiya da kanta take tsirowa. Ashe tattara ta ake yi, da safar hannu, tun ranar farko, kuma a nan ba wanda ya zo tattarawa. Wanda ya kashe Sani wataƙila na sha shiga kekensa.

Takalmin Sani ɗaya ne ya tsira daga hannuna, yana ƙarƙashin gado da busasshiyar laka. Littafin ya ce a takarda ake naɗewa, ba a leda ba. Da safe na naɗe shi a takardar buhun siminti, na tafi ofishin 'yan sanda. Na san abin da zan ji: "Mama, bayan shekara uku?" Na zauna a benci, na ɗora shi a cinya.