Shuɗin Fulas Ɗin Gwaggo

Jama'a, wallahi ba a bakin wani na ji wannan ba, a kaina ya faru shekarun baya, lokacin ina jegon ɗiyata ta fari a ɗakina a Ketare. Gwaggo Hajara, ƙanwar baban maigidana, ita ke yi mani wankan jego. Tun kafin suna ƙafafuna suka kumbura, in na kwanta numfashi ya riƙa sarƙe mani, muka je Kankara likita ya ce zuciyata ce ta yi rauni, ya ja mana kunne a gaban Gwaggo: ban da kunun kanwa, ko cokali guda. Ta ce, "To likita, mun ji." Muna shiga mota ta taɓe baki: "Mu da muka haifi goma, kanwar ce ta kashe mu?"

Kullum da safe sai ta kawo mani kunu a wani shuɗin fulas, ya sha citta da kanumfari, in na ce ina jin wani ɗanɗano-ɗanɗano sai ta ce, "Bakin mai jego ne, shanye, ɗiyata."

Wata rana da hantsi na yanke jiki na faɗi, aka kwashe ni sai asibiti, Gwaggo na biye da fulas ɗinta. An ce can zuciyata ta tsaya cak. Ni dai abin da na sani, tsintar kaina na yi a sama daf da silin, ba ciwo ba tsoro, ina kallon wata mata a gado, likita na danna ƙirjinta da hannu biyu, nas na matsa mata wata roba a baki. Da lallen ƙafarta na gane ta. Innalillahi, ni ce!

Na ji likita ya ce a tambayo me na sha. Sai kuma ga ni ina ganin waje, ta bango ne ko ta taga, oho. Ga Gwaggo a gindin itacen bedi tana waige-waige tana tuttular da kunun, ta kwance wani ƙulli a bakin mayafinta ta wurga kwata, hawaye shaɓe-shaɓe. Nas ta fito ta tambaye ta, ta ce, "Koko ne zalla, 'yar nan." Daga nan na ji kamar an fizgo ni, ƙirjina na zafi kamar wuta.

Da muka koma gida na bari sai da muka rage mu biyu, na ce, "Gwaggo, ƙullin nan da kika jefa kwata a gindin bedi, kanwa ce?"

Ludayin hannunta ya faɗi. "Ke da kike kwance kamar gawa? Wa ya faɗa maki?"

"Ba kowa."

Ta yi a'uziyya, ta ce ɗimuwar ciwo ce. Maigidana ma ya ce mafarki na yi. To amma fulas ɗin nan ban ƙara ganin shi ba, ita kuma ba ta ƙara haɗa ido da ni ba.

Da na samu ciki na biyu ta aiko wai tana nan tafe. Na durƙusa wa maigidana na ce ya yi mani rai, a gidanmu na Damari zan yi jego. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce to.

Ƙauna ce irin ta mutanen da, ko wani abu ne daban? Allah shi ya bar wa kansa sani, ni ban ɗauki alhakinta ba. 'Yan uwa mata, ku bi maganar likita. Kuma in kuna kan mara lafiya, ko kun ga ido ya kafe, ku iya bakinku da hannunku. Mai yiwuwa yana kallonku.