Gazuwal ɗin Baba Mai Ruwa-ruwa

Ni mutum ne mai saurin baki, duk Madarumfa an san haka, ni ma na sani. A shekarar da na sayi a-kori-kurata, bakin nan nawa ya kusa raba wani dattijo da abincinsa.

Motar ta gazuwal ce, wato man dizal, irin ta zamani mai lantarki a ciki. Ina ɗaukar tumatir da tattasai daga lambunan bakin tabki in kai Ɗan Issa. Wata biyu tana tafiya lafiya lau, sai ta tsiri iskanci. Ana cikin gudu sai ta shaƙe, ƙarfi ya zube, fitilar inji ta kama. In na kashe na sake tayarwa sai ta tashi garau kamar ba ita ba. Wata rana sau ɗaya, wata rana sau biyar, balle a hanya mai gargada.

Mai kuwa wuri ɗaya nake sha, a Ɗan Issa, wajen wani dattijo ɗan ruwa-ruwa, irin masu sayar da man Najeriya a bido da buteli, wato jarka da kwalba, a bakin hanya. Baba muke ce masa. Ranar da motar ta yi ta mace mini a hanya har tumatir ya narke yana ɗiga daga kwanduna, ban yi wata-wata ba na nufi rumfarsa. Ranar kasuwa ce, direbobi maƙil. Na ce, "Haba Baba! Da furfurarka kake zuba ma gazuwal ruwa?" Na ƙara da maganganun da ba zan rubuta ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ɗana, kai ta a duba." Kafin kasuwa ta zagayo, ba mai tsayawa rumfarsa.

Kashegari na kai ta garaji a Maradi, wajen wani makanisiye mai sanyin hali. Ya jona baliz, na'urar da ke karanta ciwon inji, ya nuna mini lambobi suna tsalle. Ya ce akwai bututun ƙarfe da ake kira rampi, inda fomfo ke tara mai da matsi kafin ya shiga inji, to matsin nan ne ya ƙi tsayawa, yana hawa yana faɗuwa. Na ce, "Ai na gaya maka, ruwa ne!" Ya ce, "Maigida, kai ka yanke hukunci tun daga gida, ni bar ni in nemi ciwo." Ya sake filtar, muka zaga, ta shaƙe. Ya sake abin awon matsin, muka zaga, ta shaƙe. Saura kaɗan in shaƙe shi shi ma don haushi.

A rana ta uku ya zuƙo man da ke tankin, man Baba ɗin nan, don ban ƙara ko ɗigo ba. Ya cika bido ya ɗaure a baya, ya ja tiyo daga bidon kai tsaye zuwa fomfo. Muka bi hanyar Sarkin Yamma da duk ramukanta, baliz a cinyarsa. Ko tari ba ta yi ba. Ya ce, "Man nan ba ya da laifi, abin na cikin tanki." Wallahi nan take na tuna zagin da na yi wa Baba.

Da aka sauke tankin, sai ga laya kamar babban yatsa, fatar ta kumbura, ledar da aka naɗe ta da ita ta warware. In mai ya girgiza sai ledar ta manne a bakin matacin da ke tsotsar mai, in an kashe inji ta saki. Makanisiye ya miƙo mini bai tambaye ni komai ba, Allah ya saka masa. Na gane ɗinkin jan zaren, na innata ne.

Gidanmu Anna ne, masu bin addinin kakanni, ni ne na musulunta tun ina saurayi. Da na sayi motar Inna ta ɗaura mini laya a madubi, na cire don kada abokan sana'a su mayar da ni abin dariya. Daga garajin na wuce gida, na same ta tana sussukar gero, na ajiye layar a bakin turmi. Ta ce, "Ka cire ta madubi, shi ya sa na ba motar wagga ta sha ta bakin da take shan mai, inda hannunka ba ya kai. Hanyar ga ta ci ɗiyan mutane da yawa." Na shigo da faɗa cike da bakina, na kasa. Tausayinta ya kama ni. Na zauna na gaya mata abin da na yi wa Baba, ta ci gaba da sussuka.

Na je wajen Baba na durƙusa, shi kaɗai ne a rumfar da bidonsa cike. Ya ce, "Na yahe maka. Amma ranar kasuwa ka zage ni, ka dawo ranar kasuwa." Na amsa, a raina ina shirin in ce tsumma ne ya faɗa mini a tanki, don in rufa wa Inna asiri.

Safiyar kasuwa na fito na tarar da Inna zaune a kujerar gaban mota, ta ci ɗamara. Na yi magiya ta sauka, ko kallona ba ta yi ba. Muna isa ta riga ni sauka. Matar da ban taɓa jin ta ɗaga murya gaban maza ba ta ɗaga layar sama ta ce, "Ni na saka wagga cikin tanki, don tsoron hanya. Man malamin ga ba ruwa cikinai. Mai dariya ya yi mani."

Ba wanda ya yi. Can wani direba ya ce, "Baba, zuba mani bido biyu." Baba ya tashi ya ɗauki mazurari. Na karɓi bidon na riƙe masa har ya gama.