Jirgin da Bai Jira Alhaji Lawandi Ba

Wata rana wani mutumin Funtua, Alhaji Lawandi, ya ɗauki mahaifiyarsa, Inna Kubura, suka tafi Indiya neman maganin ido.

Idon ya daɗe yana dushewa. Likitocin Kano sun faɗa masa gaskiya: ba yanar ido ba ce da za a cire a nan, matsalar can ciki take. In aka yi sake shekarar ta fita ba a yi aiki ba, to sai dai haƙuri.

Wata uku yana faɗi-tashi kafin wani asibiti a kudancin Indiya ya ba su rana. Litinin, ƙarfe tara na safe.

Bari in gaya muku wane ne Lawandi.

Shekara ashirin da biyu ya yi a tashar mota. Daga ɗan kamasho har ya zama shugaba. Mota ba ta ɗagawa sai ya buga mata baya da tafin hannu. Mutumin kirki ne, mai son uwarsa, amma in dai maganar tafiya ce, a ganinsa babu wanda aka haifa da zai koya masa.

Da suka sauka Delhi, Inna ta ce ita fa ta gaji da jirgin sama, kunnuwanta har yanzu ƙara suke yi. A nemo mata abin da ke tafiya a ƙasa.

Sai ya tafi tashar jirgin ƙasa.

Aka nuna masa ofishin da baƙi ke yankan tikiti. Aka karɓi fasfo, aka cike takarda, ya roƙa aka ba Inna gadon ƙasa saboda ba za ta iya hawa na sama ba. Tafiyar kwana ɗaya da rabi ce.

Mai tikitin ya haɗa masa da wata doguwar takarda. Sunayen tashoshi ne jere, gaban kowace an rubuta mintunan da jirgi zai tsaya. Wata goma, wata biyar, wata biyu.

Lawandi ya duba, ya yi murmushi.

Shi da ya san "yanzu za a tashi" na nufin awa guda?

Ya ninke takardar ya naɗe goronsa da ita.

Suka shiga jirgi da safe. A gadon da ke kallon nasu akwai wata dattijuwa 'yar ƙasar, siririya, gashinta fari fat. Ba ta jin Hausa, Inna ba ta jin komai sai Hausa, amma kafin hantsi sun yi musayar dabino da lemo, kowa na yi wa ɗan'uwansa hira da yarensa.

Azahar ta yi. Jirgi ya rage gudu, ya shiga wata 'yar tasha.

Ta taga Lawandi ya hango famfo can ƙarshen dakalin tashar, ga inuwa, ga wuri a share. Ransa ya yi fari. Ya jawo buta, ya saɓa darduma. Wayarsa ya bar ta a jikin caji kusa da Inna.

Dattijuwar nan ta riƙo hannun rigarsa. Ta nuna agogonta, ta ɗaga yatsu biyu, ta girgiza kai.

Ya gane sarai. Minti biyu take nufi.

Inna ta ji motsin butar.

"Alhaji, sauka za ka yi? Ka yi alwalarka a ciki mana, ka yi sallarka a zaune. Allah ya san matafiyi."

"Haba Inna! Shekara ashirin da biyu ina tasha. Yaushe aka taɓa tafiya aka bar mutum a kan sallaya?"

Ya sauka.

Ya taka har bakin famfo, ya yi alwala a natse, ya shimfiɗa darduma, ya tayar da ƙasaru.

Yana raka'a ta farko jirgi ya danna hon.

Bai damu ba. A tasharsu direba kan yi hon sau uku, sau huɗu, don a hanzarta. In ma ya ja mota, fasinja ne za su taso masa: akwai sauran mutum!

Yana zaman tahiya ya ji ƙasa na girgiza a ƙarƙashin gwiwoyinsa.

Ya sallame, ya waiwaya.

Taragon ƙarshe ne ke wucewa.

Jama'a, Lawandi ya yi gudun da rabonsa da yi tun yana ɗan kamasho. Hula ta faɗi, takalmi ya cire, yana ɗaga hannu yana ihu da Hausa a tsaya.

Babu wanda ya tsaya.

Ya taɓa aljihu. Fasfo biyu suna nan, nasa da na Inna. Tikiti ma yana nan. Wato tsohuwa mai shekara saba'in da huɗu, wadda ba ta gane fuskar mutum sai ya yi magana, ta tafi cikin ƙasar da ba ta san ko kalmar ruwa ba, babu takarda ko ɗaya a jikinta.

Nan ya durƙushe ya fashe da kuka, ƙato da shi, mutane na kallo.

Wani ma'aikacin tasha ya ja shi ofis. Da guntun Turanci da nuni da hannu suka fahimci juna. Aka buga waya gaba. Aka ce za a sauke ta a babbar tasha ta gaba, tafiyar awa uku, shi kuma ya biyo jirgin da ke tafe.

Ya ce a rayuwarsa bai taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya isa. Ya sauko ba takalmi yana dube-dube.

Can ya hango su a kan benci. Inna a takure, mayafinta ya zame. Kusa da ita dattijuwar nan ce, ta riƙe hannunta da hannu biyu, jakunkunansu da nata a gabansu.

Ashe ita ma sauka ta yi. Ta bar jirginta ya tafi, saboda tsohuwar da ta sani tun safe kawai.

Da dattijuwar ta gan shi ta miƙe, ta nuna shi, ta ce: "Lawandi?"



Shi ɗan fari ne. Tunda aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakin Inna ba. Yana ƙarami "wannan yaron" take cewa, da ya je Makka ya koma "Alhaji". Kunyar ɗan fari, irin ta iyayenmu na da.

Amma ranar ta kira sunan. Ta yi ta kira, tana lalube daga gado zuwa taga, har muryarta ta dushe, har baƙuwar da ba ta jin Hausa ta haddace shi.

Dattijuwar ta ɗora hannun Inna a kan nasa, ta ɗauki jakarta, ta shige cikin mutane. Ko sunanta bai tambaya ba.

Ya tsuguna gaban Inna. Ya so ta zage shi. Wallahi da ta mare shi da ya fi samun sauƙi.

Ba ta yi ba. Ta shafa fuskarsa, ta tabbatar shi ne, sannan ta ce a hankali:

"Kai ni gida."

Ya ce Inna, saura tafiyar kwana ɗaya. Ya ce jibi ne ranar likita. Ya rantse ko ƙofar tarago ba zai ƙara leƙawa ba.

Ta ce: "Na haƙura da idon. A gida ko ba na gani, in na yi kira akwai mai amsawa."

Kwana biyu yana roƙonta a masauki. Ya haɗa ta da 'yan'uwansa a waya, kowa ya yi nasa lallashin. Da ta ji kukan jirgi daga nesa sai ta damƙe rigarsa.

Litinin ta zo ta wuce.

Suka dawo Funtua yadda suka tafi.

Kafin azumi ya zagayo, ɗan hasken da ya rage mata ya ɗauke gaba ɗaya. Shekara uku ta ƙara a duniya, kuma ko sau ɗaya ba ta tayar da maganar ba.

Shi da bakinsa ya ba ni labarin nan. Ya ce abin da ke cin ransa, duk wanda ya zo gaishe ta ya tambayi yadda aka yi a Indiya, sai ta ce: "Likitocin ne suka ce ba rabo."

Har ta koma ga Allah tana rufa masa asiri.

Darasi:

Ba sallah ce ta ja wa Lawandi ba. Allah ya riga ya yi wa matafiyi sauƙi, uwarsa ma ta tuna masa. "Na sani" ce ta ja masa.

Ƙwarewarka ta garinku ce. In ka shiga ƙasar wasu, ka karanta takardar da aka miƙa maka, ka saurari ɗan gari ko da yatsu yake maka magana. In kuma akwai wanda ya dogara da kai, kada ka yi caca da minti biyu, domin ba kai kaɗai za ka ɗanɗana kuɗarta ba.

Allah ya jiƙan Inna Kubura. Ku tura wa duk wanda kuka san zai raka tsoho ko mara lafiya wata ƙasa, ya karanta tun kafin ya yanki tikiti.