Sunan da Makau Ya Bari a Anka

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki kasuwar Gummi ya san Lirwanu tela, ko bai san shi da suna ba ya san shi da aljihu. Mutumin nan kai masa yadin sallah ka ce jamfa kake so, sai ka dawo ka tarar ya manna maka aljihu biyu a ƙirji masu murfi da maɓalli, kamar za ka fareti. Ka yi magana ya ce ai haka rigar kakansa take. Kakan nan kuwa shi ne Makau, wanda ya je yaƙin Bama a zamanin Turawa, ya dawo ya zauna Gummi yana noma har Allah ya karɓi abinsa Lirwanu na rarrafe. Bai san fuskarsa ba, amma wallahi in ya fara ba ka labarin Makau sai ka rantse tare suka shiga jirgin ruwan. Yau saje ne, gobe shi kaɗai ya kori rundunar Japan da adda. Abin da ya gada dai lambar yabo ce guda, mai kan sarkin Ingila, tana rataye jikin keken ɗinkinsa.

To, a daminar 2013 matarsa Rufaida ta haifi namiji, ɗan fari. Lirwanu ya rufe shago, ya bi layin teloli yana rabon alewa yana faɗa wa kowa an samu takwaran soja. Sai da ya je gaida limamin unguwa aka zuba masa ruwan sanyi.

"Makau ai lakabi ne, Lirwanu," in ji liman. "Duk wanda aka haifa ana tsuga ruwa Makau ne. Ba a yanka rago da shi. Mene ne sunansa na yanka?"

Lirwanu ya dafe kai. Tabɗi! Shekara da shekaru yana cika kasuwa da labarin mutum, ashe ko sunansa bai sani ba. Mahaifinsa ya rasu. Gwaggonsa Maimunatu ta ce ita dai Baba ta sani. Ya juya lambar yabon gaba da baya, babu suna, sai fuskar Bature. Ga ranar suna tana matsowa.

Mutum ɗaya ce a duniya ta san sunan, kakarsa Marka, matar marigayin, tana nan daram a ɗakinta tana gyaran gujiya. Sai dai Marka irin matan da ne, waɗanda ba su faɗin sunan miji ko ana yanka su. Lirwanu ya durƙusa bakin ƙofarta da ƙullin goro, ya ɗauko wasan jika da kaka.

"Amaryata, ranki shi daɗe. Sunan tsohon mijinki nika so, ni sabon miji."

"Tashi ka ba ni wuri, ragon miji," Marka ta ce, ta kuwa karɓe goron. "Bakin da bai hwaɗe shi ba shina raye, shi za shi hwaɗe shi yanzu? Kai, ba ka da ta ido."

Ya ce to shi zai riƙa jero sunaye, in ya zo kan na gaskiya ta yi tari kawai. Ya faro daga Abubakar. Tsohuwa ta kama tari tun daga nan, ba ta tsaya ba har ya kai Zubairu, tana yi tana dariya har da hawaye. Abin da ya samu a wurinta guda ne: Makau ɗan Anka ne, ubansa malami ne, kuma gudu ya yi ya shiga soja, ya ba Turawa lakabinsa don kada uban ya gano shi ya maido shi gida.

Washegari Lirwanu ya ari babur ɗin maƙwabcinsa ya ɗauki hanyar Anka, ruwa na dukansa yana waƙa. A Anka ya sha hannu da tsofaffi har tafinsa ya yi zafi. Makau? Ai kowace unguwa da nata. Aka kai shi gidan Makau mahauci, aka kai shi gidan jikokin Makau mai jakai, waɗanda suka karɓe shi da fura, suka rungume shi a kan ɗan'uwa ne, sai can aka gano nasu Makau ko Gusau bai taɓa zuwa ba. Ya sha furar dai, don ba a mayar da ita. Wani dattijo ne a gindin durumi ya ce masa ya daina wahalar da kansa, ya nufi Zugu ta ƙasar Bukkuyum, akwai Kofur Jibo, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka je Bama. Ya ƙara da cewa ya yi sauri ya baro can da rana, hanyar ba ta da daɗi yanzu.

Ya tarar da Kofur Jibo kwance a zaure, ya tsufa tukuf, babu haƙori ko ɗaya. Amma da jin "Makau Anka" sai tsoho ya yunƙura ya zauna, ya ƙame, ya sara wa iska.

"Kai jikan Makau na? Allahu akbar! Zo in taɓa kahwaɗarka."

"Baba, an ce saje ne," Lirwanu ya ce, ƙirji a buɗe.

Jibo ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa. "Saje? Wa ya hwaɗa maka? Makau bai taɓa harba bindiga ba. Ɗan dako na! Da gammo munka san shi. Dajin can mota ba ta shiga, da kai aka ɗaukar komi, shinkahwa, harsashi, har ƙarhen igwa."

Lirwanu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya tuno layin teloli da irin ƙaryar da ya shimfiɗa musu. Tsoho bai ma lura ba, ya ci gaba da zuba: ruwan da ba ya ɗaukewa, matsattsaku cikin takalmi, abinci na faɗowa daga jirgin sama. Sai ya janye wando ya nuna wani tabo a cinyarsa. Ya ce ranar da aka harbe shi a bakin wani kogi kowa ta kansa yake yi. Makau ne ya sauke kayan Bature a ƙasa, ya goya shi da rawani kamar jinjiri, ya ratsa ruwa iya wuya yana zaginsa wai ya cika nauyi.

"Duk ɗiyan da ka gani gidan ga, da jikoki, a bayan kakanka sunka ƙetare kogin nan."

Nan Lirwanu ya yi kuka, kukan daɗi, ba kunya. Da ya share ido ya tambayi sunan yanka. Jibo ya sosa kai, ya ce shi fa Makau ya sani, sai lambar da ake kiransa da ita a layi. Ya rattabo lambar da Turanci tsaf. Liman kuwa ba zai yanka rago da lamba ba.

Safiyar suna ƙofar gida ta cika, an shimfiɗa tabarmi, ga goro ga dabino, rago na ɗaure, liman na jira. Lirwanu ya shiga ɗakin mai jego ya tarar da Marka riƙe da jariri. Ya zauna ya ba ta labarin kogin tun daga farko. Ta saurara baki sake.

"Ji mutum!" ta ce. "Ni abin da ya taɓa hwaɗa min duka, wai can ana ruwa da yawa."

"To, Marka, na haƙura," in ji Lirwanu, da gaske kuma yake. "Tunda ban samu sunan ba, zan sa mishi Jibrilu, sunan abokinsa."

Ya miƙe ke nan ta damƙo bakin rigarsa.

"Mi? Wanda anka goya za a yi ma takwara, mai goyon shi tashi a banza? A gidan ga? Ina raye?"

Matan da ke ɗakin suka zuba mata ido. Marka ta miƙa wa Rufaida jariri, ta ja mayafi ta rufe fuska ruf, ta juya ta fuskanci bango, sannan ta faɗa da wata 'yar siririyar murya.

"Mas'udu."

Guɗa ta ɓarke. Lirwanu ya fita da gudu ba takalmi, ya ci karo da rago, ya faɗa kan tabarmar liman yana haki. Aka shafa fatiha, sanƙira ya ɗaga murya har ƙarshen layi: sunan yaro Mas'udu, Allah ya raya Mas'udu!

Da ya dawo ciki don ya tsokane ta, ya same ta har yanzu fuska a bango, kafaɗunta na rawa. Ya ɗaga gefen mayafin. Kuka take yi sosai.

"Tun ranar ɗaurin aurenmu ban ƙara jin an kira shi da ƙarhi ba," ta ce. "Wayyo, na yi kewar mutumin ga. Je ka ce ma sanƙira shi sake hwaɗi."